Yes Mai Wutsiya

Akwai wani bawan Allah mai guga a wani babban otal, wanda duk ma'aikata, manya da yara, suke kira Kawu Guga. Ku gyara zama, domin kalma ɗaya tal ce ta kusa raba mutumin nan da abincinsa.

Ɗakin aikinsa a can ƙasan bene yake, bayan kicin, inda injinan wanki ke ruri tun safe, tururi kuma ya cika ko'ina har gilashin taga yana zubar da hawaye. A ɗakin nan gashin kansa ya yi fari. Idan Kawu ya goge riga, kwalarta miƙewa take yi tsaye kamar sojan da ya hango ogansa. Zanin gado kuwa in ya bi ta ƙarƙashin dutsensa na guga, sai ka ji kunyar kwanciya a kai.

Matsalarsa ɗaya ce: Turanci.

Duk Turancin Kawu a duniya bai wuce "Yes sir" ba. Da ita yake gaisuwa, da ita yake godiya, da ita yake ba da haƙuri. Kuma ta daɗe tana yi masa aiki, don bai taɓa ganin ogan da ya yi fushi da wanda ya ce masa yes ba.

Ana nan sai aka kawo sabon manaja, wani dogon mutum da ba ya jin Hausa ko ta zo in kashe ka. Yana zuwa ya kafa doka: duk wanda hannunsa ke taɓa kayan baƙi sai ya iya Turanci. Ya ɗauko malama ta riƙa koyar da su kullum bayan an tashi aikin rana, a ɗakin cin abincin ma'aikata. In an kammala kuma, kowa zai zauna gabansa a yi masa jarrabawa ta baka.

Malamar matashiya ce mai gilashi, mai fara'a, ga ƙoƙari. Hausarta dai ba ta wuce "ina kwana" ba, kuma ko da yamma da ita take gaishe su. Tun ranar farko aka raɗa mata suna Malama Rediyo, don in ta kunna bakinta ba ta tsayawa sai lokaci ya cika.

Kawu ya zauna a bencin gaba, ya kafe allo da ido. Malama na ta zuba, tana rubutu, tana jan layi a ƙarƙashin wani rubutun. Shi kuwa ji yake kamar ruwan sama na dukan kwano: akwai ƙara, babu magana.

A bencin baya akwai wani matashi mai ɗaukar jakunkunan baƙi, ana ce masa Ƙamus. Ya tsinci Turanci a bakin ƙofa wurin baƙi, ya haɗa da wanda yake ji a finafinai, yana taunawa yana fesa wa mutane. Ko sannu za ka yi masa sai ya amsa maka ta hanci. Shi ne ya yi musu alfarma ya fassara tambayar da Malama ke yi duk ƙarshen darasi.

Takan juyo ta ce, "Don't you understand?"

Ƙamus ya ce ma'anarta ita ce, "Ba ku gane ba?"

To, mutanen kirki ne, ba su iya ƙarya ba. An ce ba ku gane ba, kuma gaskiya ba su gane ba. Sai suka haɗa baki suka ce, "Yes!" Muryar Kawu ta fi ta kowa, don shi ya fi kowa rashin ganewa.

Malama ta washe baki ta ce, "Very good." Ta ɗauki tsumma ta goge allon tas.

Wata mai gyaran gadaje da ake kira Anti Tawul ta taɓo Kawu ta raɗa masa cewa ita tunda take ba ta taɓa ganin muguwar yarinya irin wannan ba. Ka ce mata ba ka gane ba, ta ce madalla, ta goge.

Washegari haka. Wanshekare ma haka. Kullum su faɗa mata gaskiya da ƙarfi, kullum ta yi murna ta wuce gaba. Har takan nuna Kawu da alƙalami tana tafa masa, shi kuma ya sunkuyar da kai, yana ganin ba'a ce ake yi wa furfurarsa a gaban 'ya'yan cikinsa.

Ƙamus kuwa tuni ya daina zuwa. Ya ce shi da ya kamata ya koyar da malamar, ba zai zauna da masu kan dutse yana ɓata Turancinsa ba.

Ana cikin haka sai ga ranar riga.

Da hantsi Kawu yana ninke tawul, sai ga Manaja ya sauko ƙasa da kansa, abin da bai taɓa yi ba. A hannunsa akwai wata farar riga mai tsada, a gadon bayanta kuma hoton dutsen guga ne ya fito raɗau, launin ƙasa-ƙasa, kamar an buga hatimi. Mai rigar yana can sama yana ta masifa. A bayan Manaja ga Ƙamus, ya zo tafinta, babban yatsansa naɗe da sabon filasta.

Kawu bai taɓa ganin rigar ba. Ba ta ma bi ta teburinsa ba.

Manaja ya ɗaga ta ya ce, "You didn't burn this shirt?"

Ƙamus ya ce, "Cewa ya yi, ba ka ƙona rigar nan ba?"

Wani sanyi ya ratsa zuciyar Kawu. Ashe ogan nan mutumin kirki ne, ya san ba aikinsa ba ne. Ya dafe ƙirji, ya yi murmushi har kunne.

"Yes sir."

Kunnuwan Manaja suka yi ja. Ya sake tambaya, a hankali, kalma bayan kalma. Kawu ya ƙara faɗaɗa murmushi, ya ba shi yes sir guda biyu a jere, don a tabbatar.

Manaja ya yi magana mai tsawo yana nuna ƙofa, sannan ya haye sama. Ƙamus ya tsaya ya fassara, har da ƙarin gishiri. Ya ce Oga ya ce bai taɓa ganin wanda zai yi ɓarna yana dariya ba. Ya ce don furfurarsa kawai aka ƙyale shi yau, amma jarrabawar nan ita ce damarsa ta ƙarshe. In ya faɗi, ya ajiye dutsen ya kama gabansa.

Kawu ya ce shi fa ya gaya wa Oga bai ƙona ba. Ƙamus ya ɗaga kafaɗa ya ce wa ya sani, wataƙila yes ɗinsa ce ba ta nuna ba. Kafin la'asar duk otal ɗin an koma kiran Kawu da "Yes Sa".

Kawu ya ga filastar nan. Ya gan ta sarai. Amma da wane bakin zai yi bayani, kuma wa zai fassara masa?

Da ya koma gida ya zauna a bakin gado da takalmansa. Matarsa, Maman Biyu, ta ajiye masa abinci, ya ture. Ta dube shi ta ce lallai yau abin babba ne, tunda mutumin da ko zazzaɓi bai taɓa hana shi ƙari ba ya ture kwano.

Ya kwashe labari ya gaya mata. Ya ce gara ya ajiye aikin da kansa da mutuncinsa, da a tsayar da shi gaban yara a yi masa tambayar da ba zai iya amsawa ba.

Ta ce, "Ka ajiye ka yi me, Baban Biyu? Ka zauna ka riƙa goge min labule? Yaran nan da ke makaranta mutuncin za su saka su tafi aji?"



Ta ce ya je ya gaya wa malamar ba ya ganewa. Ya ce ai kullum sai ya gaya mata, da babbar murya ma, ita kuma ta ce very good. Maman Biyu ta riƙe haɓa ta ce to ko dai malamar ce ke bukatar malami.

Daga ranar Kawu ya daina zuwa aji. In an tashi, sai ya tsaya a ƙasa yana goge abin da ya riga ya goge.

Wata yamma, an kashe injuna, ya cire dutsen daga wuta tun ɗazu yana share tebur, sai ya ji ƙarar takalmi mai tsini a matakala. Malama Rediyo ce. Tana shigowa tururin da ya rage ya rufe mata gilashi, ta cire ta goge da gefen mayafinta.

Ta fara magana, shi kuma ya tsinci kalma ɗaya a cikin goma. Da hannu da ido da ɗan abin da ya kama, ya fahimci abin da ya kusa sa shi zama a ƙasa: wai tana neman ɗalibinta da ya fi kowa ƙoƙari ne. Wai shi. Shi da yes ɗinsa ta fi ta kowa ƙarfi.

Ya ce a ransa, yarinyar nan har ƙasa ta biyo ni da ba'a.

Tana magana ta kai hannu za ta matsar da dutsen guga don ta jingina da tebur. Sai ta tsaya, ta nuna shi.

"Is it hot?"

Wannan ya sani, hot zafi ne. Ya ce, "No."

Ta kai hannu kusa, ta sake tambaya don ta tabbata. "It's not hot?"

Ya ce, "Yes."

Ta fizge hannunta kamar ta ga kunama. Kawu ya yi mamaki. Me ya sami yarinyar nan? Ya ɗauki dutsen ya manna tafin hannunsa a kai, ya bar shi, ya nuna mata. Sanyi ƙalau.

Malama ta tsaya tana kallon hannun nan. A karon farko tun da ya san ta, rediyo ya mutu.

Ta waiga ta ga wani bokiti babu komai a ciki. Ta tambaye shi da Turanci ko akwai ruwa. Ya ce no. Ta ce babu ruwa? Ya ce yes. Ta nuna fitilar da ke kashe, ta yi masa tambaya biyun nan, ya ba ta amsa biyun nan.

Sai ta zauna daɓas a kan tulin tawul ɗin da ya gama ninkewa. Ta dube shi, murya ƙasa-ƙasa.

"Kawu. Don't you understand?"

"Yes."

"You understand?"

"No."

Ta rufe fuska da hannu biyu. Kafaɗunta na rawa, bai sani ba ko dariya take ko kuka. Da ta ɗago sai ya ga duka biyun ne. Ta tattaro duk Hausar da ta mallaka, ta nuna ƙirjinta.

"Kawu, ni... ba gane ba. Ni. Ba kai."

A nan, da dutsen guga da bokiti da zane a jikin tagar da ta yi gumi, suka warware abin da ya ɗaure su. Ashe idan an ce wa Bahaushe "ba ka gane ba?" ya ce e, mutumin yake amsa wa: gaskiyarka, ban gane ba. Mai Turanci kuwa ba ruwansa da mai tambaya, abin da ya faru yake amsa wa. In ya gane, yes. In bai gane ba, no. Ko ta gaba ka juyo masa tambayar ko ta baya.

Wato duk ranakun nan suna ce mata ba su gane ba, ita tana jin sun gane. Kuma ranar riga, Kawu da bakinsa, yana murmushi, ya ce wa Manaja shi ya ƙona. Har sau uku.

Kawu ya dafe kai ya yi salati.

Malama ta haye sama wurin Manaja ta yi masa bayani. Ya ce malamai ba sa rasa uzurin da za su kawo wa ɗalibansu. Jarrabawa tana nan, kuma a ranar zai ji da kunnensa.

Da wata malamar ce, da sai ta ce ita dai ta yi nata. Wannan ba ta ce ba. Washegari ta tsaya gaban aji ta ba su haƙuri, da Hausar da ta kwana tana haddacewa. Sannan ta ce kowa ya ɗauki bencinsa, an mayar da aji ɗakin wanki.

Ta daina tambayar ko sun gane. Sai ta ce, da Turanci, a miƙo mata tawul mai jiƙe, ta tsaya ta ga wanne za a miƙo. In an miƙo busasshe, ba ta ce komai, sai ta taɓa wannan ta taɓa wancan, ta sake faɗa a hankali. In ta yi tambaya takan yi shiru ta jira, har sai mai jin kunya ya gama haɗa kalmominsa a ciki ya fito da su. Abin da a da take zubawa a yini ɗaya, yanzu sai ta gutsuttsura shi ƙanana, ba ta ɗauko na gaba sai na hannu ya shiga.

Ta kuma kafa sharaɗi: kowace rana su ma sai sun koya mata Hausa. Ranar da zafin ɗakin ya dame ta, tana son ta ce tana jin ƙishi, sai ta ce tana jin kishi. Anti Tawul ta gyara ɗaurin zani ta ce, "Da wa, 'yar nan? Faɗa min in je in same ta." Aka yi dariya har da masu riƙe ciki, Malama na taya su. Tun daga ranar babu wanda ya ƙara jin kunyar yin kuskure a ajin nan, tunda mai allon ma tana yi.

Maganar yes da no kuwa, kyanwa ta zana musu a allo. Ta ce kan kyanwar shi ne yes ko no, wutsiyar kuma ita ce "I did" ko "I did not", wato na yi ko ban yi ba. Kada wanda ya ƙara sakin amsa babu wutsiya, domin wutsiyar ce ke nuna inda kan ya dosa. Kuma kan no ba ya tafiya da wutsiyar yes.

Kawu ya ƙara da tasa dabarar. Ya lura duk lokacin da ya kalli fuskar mai tambaya, sai ladabi ya ja shi ya ce yes. Don haka ya ce wa 'yan aji kada su kalli fuskar oga, su kalli rigar.

A gida Maman Biyu ta mayar da abin sana'a. Ba ta jin Turanci, amma ta iya tarko. Yana alwala, yana cin abinci, yana neman takalmi, sai ta jefo masa tambaya da Hausa, ta ce ya amsa da Turanci, da wutsiya.

Ba ka rufe taga ba? Ba ka ga makullina ba? Ba kai ka shanye shayin da na ajiye ba?

Wata safiya yana ɗaura agogo ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Baban Biyu, ba ka gaji da ni ba?"

Kawu ya tsaya. Ya kalli rufi, ya kalli ƙasa, gumi ya tsattsafo masa. Ya ce, "No. I am not."

Ta ce fassara. Ya ce ban gaji ba.

Ta ce, "Allah ya cece ka. Wuce."

Ana gab da jarrabawa Kawu ya tari Ƙamus a bakin matakala. Ya ce masa ɗana, ka zo aji ko sau ɗaya ne, akwai wani rami a Turancin nan da ba a ganinsa sai an faɗa. Ƙamus ya kalle shi sama da ƙasa ya ce ya ji labarin wutsiyarsu, kuma shi a saninsa dabbobi ne ke da wutsiya. Ya ja kekensa na jakunkuna ya wuce yana fito.

Ranar jarrabawa aka tara su a ɗakin taro na sama, mai sanyin na'ura da kujeru masu laushi. Aka jera su a jikin bango, ana kiran mutum ɗaya-ɗaya ya zauna gaban Manaja. Malama na gefe, ta matse hannuwa a cinya kamar ita za a yi wa.

A kan teburin, kusa da kofin shayin Manaja, ga farar rigar nan a ninke, tabon yana sama.

Aka kira Kawu. Ya zauna a bakin kujera. Manaja ya tambayi aikinsa, ya faɗa. Ya tambayi abin da zai yi in baƙo ya kawo rigar siliki, ya ce ƙaramin zafi, kuma ta ciki ake gogewa. Turancin yana ɗingishi, amma yana isa inda aka aike shi.

Sai Manaja ya tura rigar gabansa da yatsa ɗaya.

"You didn't burn this shirt?"

Jama'a, tsohon hali ba ya mutuwa da sauƙi. Yes sir ɗin nan ta taso tun daga cikinsa, ta hau maƙogwaro, ta zo har bayan haƙora. Ga fuskar oga, ga idon oga, ga shekara da shekaru na ladabi suna tura ta waje.

Kawu ya danne leɓe. Ya sauke ido daga fuskar, ya ɗora a kan rigar. Ya tambayi kansa, na ƙona ko ban ƙona ba?

"No, sir. I did not."

Manaja ya gyara zama. Ya sake jefo wata ta baya, ko bai ga rigar ba kafin ta ƙone. Kawu ya ce no sir, I did not. Manaja ya ce ba ya son barin aikin nan? Kawu ya ce no sir, I do not. Manaja ya nuna Malama ya ce ba ya son malamarsa?

Kawu ya ce, "Yes, sir, I do." Sannan ya ƙara da cewa, "Now."

Wato yanzu kam yana sonta. Dariya ta ƙwace wa Malama, ta toshe baki.

Manaja ya tambaye shi to me ya sa ranar nan ya ce yes. Wannan ba ta cikin abin da aka koya. Kawu ya yi shiru, Manaja ya buɗe baki zai ƙara magana, Malama ta ɗaga masa hannu alamar ya jira. Ya jira. Can Kawu ya nuna Manaja, sannan ya nuna rigar.

"My yes is for you, sir. Your yes is for shirt."

Tawa yes ɗin taka ce, ranka ya daɗe. Taku kuwa ta riga ce.

Manaja ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya miƙe tsaye, duk tsawonsa, ya zagayo tebur ya miƙa wa Kawu hannu. Ya ce ya ci jarrabawa, kuma shi ne ya kamata ya ba da haƙuri. Anti Tawul ta manta inda take ta rangaɗa guɗa, sai da aka ja mata zani.

Aka ci gaba da kira. 'Yan ajin ɗakin wanki suna ta wucewa ɗaya bayan ɗaya, kowa da wutsiyarsa.

Sai aka zo kan Ƙamus.

Ya zauna ya ɗora ƙafa kan ƙafa. Tambaya ɗaya aka yi masa ya ba da amsar biyar, da kalmomi masu nauyin da shi kansa bai san inda ya tsinto su ba. Manaja ya bari ya gama, sannan ya ɗaga rigar. Ya ce tunda mai guga bai gan ta ba, kuma kai ka kai wa baƙon ita ɗakinsa...

"You didn't iron it yourself?"

Ƙamus ya buga ƙirji. Niyyarsa ya ce e, ban goge ba.

"Yes sir!"

Daga jikin bango aka ji muryoyi sun haɗu, ƙasa-ƙasa, kamar an shirya: "Wutsiya."

Manaja, wanda yanzu ya san ramin, ya tambaye shi a natse: yes ka goge, ko yes ba ka goge ba?

Ƙamus ya sauke ƙafa. Ya ce yes. Ya ce no. Ya ce yes I didn't did. Yana yi yana cusa babban yatsansa a ƙarƙashin cinya, inda tabon ƙuna bai gama bajewa ba. Duk ɗakin nan yatsan ake kallo.

Ƙarya ya shirya yi, Turancinsa ya faɗi gaskiya ba da izininsa ba.

Daga ƙarshe ya sunkuyar da kai ya yi bayani, da Hausa tsantsa, ba ta hanci ba. Baƙon yana sauri, Kawu ya fita cin abinci, shi kuma yana son ya burge. Ya jona dutse, wayarsa ta yi ƙara, ya tsaya amsawa.

Manaja ya nuna masa ƙofar da ya taɓa nuna wa Kawu. Sai aka ga hannu ya tashi daga jikin bango. Kawu ne. Ya miƙe ya ce, "Sir. He no go. He come class."

Malama ta buɗe baki za ta gyara masa jimlar, ta fasa. Ta ce a ranta wannan ko a karkace ta fi ta littafi kyau.

Manaja ya dubi Kawu, ya dubi Ƙamus, ya ce ya yarda, amma da sharaɗi: bencin gaba, kullum, kuma kusa da Kawu. Anti Tawul ta ce a bar mata shi, ita za ta ɗinka masa wutsiya da hannunta.

Da yamma Kawu ya tura ƙofar gida. Maman Biyu na tsaye a tsakar ɗaki, da alama tun rana ba ta zauna ba. Ta dubi fuskarsa, shi kuma ya ɗaure ta tamau don tsokana.

Ta ce, "Ba a kore ka ba?"

Ya gyara kwala ya ce, "No. They did not."

Ta ce, "Baban Biyu, yi min da Hausa. Yau zuciyata ba ta jin Turanci."

Ya yi murmushi ya ce, "E."

A ranar sai da ya yi ƙari sau biyu.

Darasi: Ba duk wanda ya kasa gane karatu ne daƙiƙi ba, kuma ba duk "yes" ce ke nufin an gane ba. In kai ne mai koyarwa, rage gudu, saurara, ka sauka har inda ɗalibinka yake tsaye ka ga inda ya maƙale. In kai ne mai koyo, kada furfura ko kunya su kore ka daga aji. In kuma Allah ya ba ka ɗan abin da ka sani, kada ka yi wa na baya dariya, domin ramin da ya faɗa yana nan yana jiranka. Ku tura wa wani malami, da duk wanda kuka san yana fama da Turanci, ko ya samu ƙarfin komawa bencin gaba.